Gidan naki ne, amma ƙasar da yake kai ta wani ce

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mutuniyar Maradi ce, shekara 16 ina zaune a Greensboro, jihar Arewacin Karolina ta Amurka. Maigidana, direban babbar mota, ya rasu wata bakwai da suka wuce. Ya bar mana gidan tirela mai ɗaki uku, ƙirar 1999, ba bashin kowa a kansa, sai dai hayar fili da muke biya dala 540 duk wata. Yana jinya ya ce mini, a gaban amininsa, kada a sayar da gidan, a bar shi don Allah, baƙin da suka iso ba su da masauki su riƙa zama. Na fita takaba, ina so in koma Kolumbus ta jihar Ohayo wurin babbar 'yata. Na kai maganar ga kwamitin masallaci, sai jan ƙafa suke yi. Wata ƙungiya da na samu a intanet ta ce za ta karɓa, amma sai na biya an ɗauke shi. Ni kuwa ba na so a ɗauke shi, ga ɓauren da ya dasa da hannunsa a gindin matakala. Ƙaninsa daga gida yana ta kira, wai a sayar a raba. Yaranmu uku ne, mace ɗaya maza biyu, autan shekararsa 13, kuma mahaifiyar marigayin tana raye. Ta yaya zan cika masa wasiyya gidan kuma yana inda yake?
Baiwar Allah, daga Greensboro

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk sau biyun a wajen ɓauren nan na tsaya. Na gane abin da ya sa ba ki son a taɓa gidan. Abin da kike so mai yiwuwa ne, ana yinsa, sai dai hanyar ba ta bi ta inda kika fara ba.

Bari in ɗan yi wa masu karatu na gida bayani, don wasu za su ji "tirela" su ɗauka mota ce. Gida ne sosai, da falo da kicin da banɗaki, amma a masana'anta ake ƙera shi, a jawo shi a kan tayoyi, a girke shi a fili. Kimanin mutum miliyan 20 ne ke zaune a irinsa a Amurka. Da yawansu gidan nasu ne, amma fulotin da yake kai na mai unguwar ne, suna biyansa haya duk wata. Daga nan duk wahalarki ta taso. A Maradi in mutum ya ce ya ba da gida don Allah, ya ba da ƙasa ne da abin da ke kanta, ko soro ya rushe fili yana nan. Naki kuwa duk wanda ya karɓa ya karɓi bashin wata-wata tare da shi. Ki lissafa: dala 540 sau 12, dala 6,480 ke nan a shekara, ba a sa inshora ba, ba a sa harajin gunduma ba, ba a yi maganar ranar da na'urar ɗumama ɗaki za ta tsaya cikin sanyin Janairu ba.

Don haka ki sassauta wa kwamitin masallaci a zuciyarki. Na san da ciwo mutum ya ɗauki abin da ya fi so ya kai, a tarbe shi da "za mu duba". Amma masallatan mutanenmu a ƙasar nan da kuɗin akwatin Juma'a suke biyan wuta da ruwa. In suka sa sunansu a takardar gidan, su mai fili zai bi duk ɗaya ga wata, su za a kai ƙara in baƙo ya zame a matakala ya karye. Kuma ko sun yarda, akwai wanda bai yi magana ba tukuna, shi ne mai filin. Yawancin irin waɗannan unguwanni suna da doka a rubuce cewa mai gida shi zai zauna cikin gidansa, ba a sa ɗan haya, ba a sauke wani sai ofis ya tantance shi. Gidan da baƙi za su riƙa shiga suna fita, wannan wata uku wancan wata biyar, shi ne ainihin abin da dokar ta zo hanawa. Wasiyyar marigayi kyakkyawa ce, amma a yadda ya furta ta, da wuya manajan fili ya sa hannu.

Kafin ma a kai ga manaja, akwai abin da ya fi shi nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ba: har yanzu ba ki da ikon kyautar da gidan nan, ta fuskar hukuma da ta fuskar addini duka.

Ta fuskar hukuma, a jiharku gidan tirela da ke kan filin haya takardarsa irin ta mota ce, ofishin DMV mai rajistar motoci ke ba da ita. Ki ɗauko ta ki duba sunan wa ke kai. In sunansa ne shi kaɗai, sa hannunki ba zai yi aiki ba sai kin bi ta ofishin magatakardan babbar kotun gundumar Guilford, sashen dukiyar mamata. Kada kalmar kotu ta tsorata ki. Jihar tana da gajeriyar hanya ta takardar rantsuwa ga ƙaramar dukiya, wadda ba ta wuce dala 20,000 ba, ana shigar da ita bayan kwana 30 da rasuwa, kuma akwai wani kaso da doka ta ware wa matar mamaci. Wadda ta dace da ke a cikinsu, ma'aikatan ofishin za su nuna miki fom ɗinta, in kuma kina son lauya ba ki da kuɗinsa, ki nemi Legal Aid of North Carolina. Ki duba kuma ko akwai sunan wani banki a jikin takardar. Sau da yawa mutum ya gama biyan bashi tun tuni amma ba a goge sunan mai bashin ba, sai ranar canja suna abin ya taso.

Ta fuskar addini kuwa, mai yiwuwa ne dokar jiha ta miƙa miki gidan gaba ɗaya, amma wannan ba ya share haƙƙin da Allah ya raba. Ana fara biyan bashin mamaci, sannan wasiyya, ita kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Hadisin Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne, da ya so ya ba da yawancin dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, ya kuma ce barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. To in gidan nan shi ne mafi girman abin da marigayi ya bari, ya haura sulusi, kuma abin da ya haura sai da yardar magada. Ke kina da sumuni, mahaifiyarsa tana da sudusi, ragowar na yaran ne. Manyan suna iya yafe nasu. Autan kuwa maraya ne mai shekara 13, rabonsa ba ya kyautuwa, ko ke uwarsa ba ki da ikon yafe masa. Ƙanin mijinki ba shi da gado tunda akwai 'ya'ya maza, amma kada ki ɗauki kiransa duka a matsayin kwaɗayi. Wataƙila bakin tsohuwa yake ari, ita kunya ta hana ta tambaya. Ki sami malamin da ya san rabon gado, ki zo da aminin da ya ji wasiyyar, a lissafa komai: gida, mota, abin da ke banki, da inshorar rai in akwai. Ba mamaki in an haɗa duka, gidan ya shiga cikin sulusi, magana ta ƙare cikin sauƙi.

Yanzu mu koma ofishin fili. Ki ɗauki yarjejeniyar haya da takardar dokokin unguwa, ki sa 'yarki ko babban ɗanki su karanta miki sashen sayarwa da canja mai gida. Sannan ki je wurin manaja da kanki, ki tambaye shi abu uku, ki roƙi amsar a rubuce: in gidan ya canja hannu, an yarda ya zauna a fulotinsa? Ƙungiya tana iya mallakarsa ta sa wani a ciki? Wane gyara za su nema kafin su amince? Akwai unguwannin da ke cewa gidan da ya kai wasu shekaru sai ya fita in an sayar da shi, akwai masu neman a sake rufi ko a gyara katangar roba da ke kewaye ƙasan gidan. Akwai kuma waɗanda aka keɓe wa masu shekara 55 zuwa sama, amma tunda kun zauna da yara, wannan bai shafe ki ba. Ki tambayi nawa sabon mai gida zai riƙa biya, don ba lallai ya gaji dala 540 ɗinku ba.

Shekarar gidan tana gefenki. Tun ranar 15 ga Yuni, 1976, duk gidan tirela da aka ƙera a Amurka sai ya bi ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, kuma waɗanda suka riga wannan rana su ne ake gudu. Naki na 1999 ne. Ki zagaya bayan gidan, can ƙarshensa daga waje, za ki ga wani ɗan jan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, an kafe shi da ƙusa, da lamba a jiki. Cikin gida kuma akwai takarda manne, galibi a cikin kabad ɗin kicin ko na ɗakin kwana ko kusa da akwatin wuta, mai ɗauke da sunan masana'anta da ranar ƙira da lambar gidan. Ki ɗauki hoton duka biyun, za a tambaye ki su.

Na taɓa raka wata baiwar Allah duba irin gidan nan da aka ce za a ba ta kyauta. Daga waje tsaf, har da labule. Da muka shiga banɗaki na taka gefen masai, sai na ji ƙasan ya lotsa kamar na taka katifa. Ruwa ya daɗe yana tsiyaya a ƙarƙashin leda, katakon ya ruɓe. Muka leƙa ƙasan gidan da fitilar waya, ga auduga mai tare sanyi tana reto, jiƙe sharkaf. Matar nan da yara huɗu ta karɓa don ba ta da zaɓi, kuma kuɗin da ta tara na wata da watanni a gyara ya tafi. Wanda ya ba ta da zuciya ɗaya ya bayar, bai san abin da ke ƙasa ba. Tun daga ranar, in an yi mini maganar sadakar gida sai in tuna ayar nan ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mu nufin mummuna mu ciyar daga gare shi, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ki taka kowane lungu na gidanki da ƙafarki, gaban baho, ƙarƙashin tagogi, bakin ƙofar baya. Ki ɗaga kai ki duba silin ko akwai tabon ruwa. Abin da kike iya gyarawa ki gyara, wanda ba ki iyawa ki faɗa wa mai karɓa tun kafin ya sa hannu.

To, wa za a ba? Ga abin da nake ganin ya fi kusa da nufin marigayi. Maimakon masallaci ya mallaki gidan, masallaci ya nemo miki iyali ɗaya. Greensboro gari ne da ya daɗe yana karɓar baƙi da 'yan gudun hijira, ga mutanen Nijar da yawa, ga ƙungiyoyin da aikinsu ke nan tsugunar da sababbin zuwa. Liman ya san wanda ke cunkushe da mata da yara biyar a ɗaki biyu, hayar tana cinye rabin albashinsa. Iyalin da ake nema shi ne mai ɗan abin yi, wanda zai iya ɗaukar hayar fili duk wata, zai kuma iya tsallake tantancewar ofis, don za su duba abin da yake samu da tarihin biyan bashinsa. Su fara cika takardar neman zama. Sai ofis ya amince da su a rubuce, sannan ki sa hannu a takardar mallaka a gaban notari, wato mai izinin shaida sa hannu, ku tafi DMV tare a mayar da ita sunansu. Kada a juya wannan jeri. In kika riga kika ba su gida ofis ya ƙi su, kin bar su da gidan da ba su da ikon kwana a ciki.

Za ki ce ai ya ce baƙi, bai ce iyali ɗaya ba. Gaskiya ne. Amma ki tuna yadda kuka zo ƙasar nan, da abin da gidan ya zame muku. Iyalin da suka sami wurin zama nasu, yaransu suka zauna a makaranta ɗaya shekara da shekaru, su ma gobe su ne masu sauke baƙo a falo, yadda mutanenmu suka saba. Kina iya roƙonsu alkawari tsakaninsu da Allah, a gaban liman, cewa ranar da suka sami wadata za su miƙa shi ga wani mabuƙaci. Ki sani dai alkawari ne na amana, da zarar takarda ta koma sunansu gidan nasu ne. Ki kuma tambayi malamin ko wannan ya cika lafazin wasiyyar, don shi zai ji ainihin kalmomin daga bakin shaida.

In manaja ya ƙi, ko ba a sami iyalin da ya dace ba, saura hanya ta biyu, wadda na san ba ki son ji: a sayar da shi a inda yake, ga wanda ofis ya amince da shi, a fitar da sulusi a yi masa sadaka mai gudana da kuɗin, a ba kowa haƙƙinsa. Gidan bai motsa ba, ɓauren yana nan. Kuɗin kuwa masallaci zai karɓe su hannu biyu, a buɗe asusun biya wa baƙo hayar watan farko, ko a haƙa rijiya a ƙauyensu. Gidan tirela tsufa yake yi kamar mota, darajarsa tana raguwa, rijiya kuwa ana sha shekaru. Ban ce ki zaɓi wannan ba, na ce kada ki ɗauke shi cin amana in ƙofar farko ta rufe.

Maganar waccan ƙungiya ta intanet, ki yi hattara. Ɗauke gidan tirela aiki ne na dubban daloli, da izinin hanya, da takardar izini daga ofishin harajin gunduma wadda ba a bayarwa sai an biya harajin da ake bi, kuma tsohon gida ba kullum yake isa lafiya ba. Wasu masu tallar "ba da gidanka sadaka" dillalai ne, su karɓa su sayar, abin da ke isa ga mabuƙaci kaɗan ne. Hukumar haraji ta IRS tana da shafin da ake duba sunan ƙungiya a ga ko tana da rajistar ƙungiyar agaji, wato 501(c)(3). Kuma ko wa za ki ba, kada ki taɓa sa hannu a takardar mallaka ki bar gurbin sunan mai karɓa fanko. In bai je ya canja suna ba, haraji da haya da duk abin da ya faru a gidan ke za su bi har Kolumbus.

Za a ce miki ki ba ƙungiya don ki sami rangwamen haraji. Ga yadda abin yake a taƙaice. Kyauta ga mutum ko iyali ba ta da rangwame, sai ga ƙungiya mai rajista ko wurin ibada, masallaci na ciki. Barin wani ya zauna kyauta alhali gidan yana sunanki, shi ma ba ya da rangwame. In kayan da aka bayar sun wuce dala 500 sai an cika fom 8283, in sun wuce dala 5,000 sai ƙwararren mai kimanta kadara ya rubuta darajarsu, kuma ke za ki biya shi. Bayan duk wannan, ba ya amfanar mutum sai in abubuwan da zai lissafa sun haura rangwamen da ake ba kowa, wanda a shekarar haraji ta 2024 ya kai dala 29,200 ga ma'aurata. Matar da mijinta ya rasu ta bar yaro a hannunta tana iya ci gaba da samun adadin ma'aurata har shekara biyu bayan shekarar rasuwar. Ga mai hali irin naki, da wuya wannan rangwame ya ƙara miki ko sisi, don haka kada ya zama shi ke zaɓa miki hanya. In kuma iyali kika ba, kuma darajar gidan ta wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya, wanda shi ne iyakar 2025, akwai fom 709 da ake cikawa don sanarwa, galibi ba a biyan komai. Masu taimakon cika haraji kyauta na shirin VITA za su iya gaya miki wurin wa za ki.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada ki daina biyan hayar fili, ko wata ɗaya, har ranar da sunan wani ya hau yarjejeniyar kuma ofis ya ba ki takarda cewa sun sallame ki. Na san dala 3,780 kika zuba a wata bakwai ɗin nan, kuma ba daga yalwa ba. Amma in haya ta taru, mai fili yana zuwa kotu ne ya nemi a tashe ku, gidan da aka bari a fulotinsa kuma a ƙarshe hannunsa yake komawa a bakin bashi. Gidaje da yawa ta haka suka salwanta bayan rasuwar masu su, ba sadaka ba gado. Ki ajiye rasit na duk abin da kika biya tun rasuwarsa, a gaya wa malamin, don a san yadda za a lissafa shi a rabo. Inshorar ma ki kira su ki faɗa musu halin da ake ciki, don da yawa ba sa biyan asarar gidan da aka bari ba kowa. In tafiyarki ta kama kafin a gama, lokacin sanyi, ki sa a rufe ruwa a tsiyaye bututu, ki bar mabuɗi wurin maƙwabcin da kika yarda da shi.

Ki sa wa kanki wa'adi, wata uku ya isa a san inda aka dosa. Amma kafin kotu, kafin manaja, ki kira surukarki da kanki, ba ta bakin ƙaninsa ba. Ki gaishe ta, ki gaya mata abin da ɗanta ya faɗa a kan gadon jinya, kalma da kalma, ki ce mata haƙƙinta yana nan ba wanda zai taɓa shi sai da yardarta. Ki bar ta ta yi kukanta, kada ki nemi amsa a ranar. Ɓauren kuma, in sanyi ya shiga ganyensa ya zube, ki yanki reshe biyu ko uku masu kaurin yatsa, ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ki tafi da su. Yana kamawa daga reshe. A Ohayo sanyi ya fi na Karolina, sai ki dasa shi a babbar tukunya ki riƙa shigar da shi ciki in hunturu ya zo.